Kwamfuta mai jiki ɗaya ko kowace na'ura da aikinta: wanne ya fi a gida?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: talabijin ɗinka ya tsufa, na'urar faifai da rediyo ma sun gaji, ga shi kana buƙatar kwamfuta saboda aikinka da karatun yara. Ka sayi kwamfuta mai jiki ɗaya, irin wadda aka cusa duk kayan cikinta a bayan allo kamar iMac ko takwarorinta na HP, Dell da Lenovo, ta ɗauke maka komai? Ko kuwa ka sayi kowace na'ura daban?

Ga matsayarmu tun farko. In teburin aiki kake son shiryawa, kwamfuta mai jiki ɗaya zaɓi ce mai kyau. In kuwa so kake ta zauna a falo ta gaji talabijin da dikoda da rediyo da na'urar gem, ba mu ba ka shawara ba. Babban dalilin ba ƙarfi ko rauninta ba ne. Kayan da aka haɗe a jikinta ne ba sa tsufa tare, kuma in ɗaya ya mutu yakan tafi da sauran.

Kayan ba sa tsufa tare

Allo mai fitilun LED, in ba a fasa shi ba, yakan yi shekara takwas zuwa goma yana aiki, wani ma ya wuce haka. Lasifika mai kyau takan yi shekara ashirin. Amma ɓangaren da ke lissafi, wato furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da RAM (ma'ajin wucin-gadi da take aiki da shi) da babban bod da suke zaune a kai, ba lalacewa ce ke kashe shi ba, manhaja ce ke wuce shi ta bar shi a baya. Misali mafi kusa shi ne Windows 10, wadda Microsoft ta daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na takwas ko sama, ko AMD Ryzen 2000 ko sama. Ma'ana, kwamfutar da aka ƙera a 2016, ko da allonta garau yake babu ɗigo ko ɗaya, ba ta cikin waɗanda za su samu sabuwar Windows ta halastacciyar hanya. Ana iya ɗora mata Linux, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, kamar Ubuntu ko Mint, ta ci gaba da aiki, amma ba kowane gida ne zai jure wannan sauyin ba.

Da a ce allon daban yake, sai ka canja akwatin kwamfutar kawai ka ci gaba da allonka. A mai jiki ɗaya kuwa, makomar allon ta rataya ga ƙaramar kafa guda a bayanta. Yawancinsu suna da kafar HDMI, inda ake soka wayar hoto da sauti, sai dai ta fita ce, wadda ke tura hoto zuwa wani allon. Kafar shiga, wadda za ta karɓi hoto daga dikoda ko na'urar gem ko wata kwamfutar, 'yan kaɗan ne ke da ita. Siffar kafofin biyu iri ɗaya ce sak, shi ya sa mutane da yawa ke saye da zaton za su jona dikoda, sai sun isa gida su ga allo bai motsa ba. Duba rubutun da ke gefen kafar: sai ka ga HDMI IN kafin ka yarda. Ko iMac ma, samfuran 2009 zuwa tsakiyar 2014 ne wasunsu ke iya zama allon wata kwamfutar. Daga baya Apple ta cire wannan damar.

Ko an samu kafar shiga, akwai tambaya ta biyu: tana aiki in kwamfutar tana kashe? A wasu samfura tana yi, a wasu kuma hoton sai ya bi ta babban bod. In na biyun ne, ranar da bod ya ƙone allon ma ya tafi.

Girman allo da nisan mai kallo

Kwamfutoci masu jiki ɗaya galibi inci 22, 24 ko 27 ne. An yi su ne don mutum ɗaya da ke zaune nisan kamu ɗaya na hannu, santimita 50 zuwa 70. Ƙa'idar da masu shirya ɗakin kallo ke bi ita ce nisan zama ya kai kusan ninki ɗaya da rabi na tsawon allon daga kusurwa zuwa kusurwa. Allo mai inci 24 santimita 61 ne, don haka nisan da ya dace da fim a kansa mita ɗaya ne. Talabijin mai inci 55 santimita 140 ne, nisansa mita biyu da ɗoriya. Auna daga kujerar falonka zuwa bango. In ka samu mita biyu da rabi ko uku, allo mai inci 24 zai sa kowa ya riƙa miƙa wuya, fassarar da ke ƙasan fim kuwa ba mai iya karanta ta.

Juya lamarin ma haka yake, domin akwai masu cewa to bari su mai da talabijin allon kwamfuta. Allo mai inci 24 mai fiksel 1920 sau 1080, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, yana da fiksel kusan 92 a kowane inci. Talabijin mai inci 43 da wannan adadin yana da 51 kacal, rubutu sai ya fito da kaushi in ka zauna kusa. Sai in 4K ne, mai ninki huɗu na wannan adadin fiksel, inda mai inci 43 ke kai 102, sannan za a iya aiki a kansa. Ko da hakan akwai saituna uku da ke ɓata wa mutane rai. Na farko, talabijin da yawa na matse bayanan launi, abin da ba a gani a fim amma yana sa jan rubutu a kan shuɗi ya yi dishi-dishi. Maganinsa a sa kafar da aka jona kwamfutar a yanayin PC. Na biyu, jinkiri tsakanin motsa linzami da ganin motsin a allo, saboda gyare-gyaren hoto da talabijin ke yi. A kunna yanayin gem. Na uku, tsohuwar kafa ta HDMI 1.4 ba ta wuce hoto 30 a daƙiƙa a 4K, sai HDMI 2.0 ke ba da 60, kuma bambancin a hannu ake jin sa. In allon talabijin ɗin nau'in OLED ne, barin sandar ayyuka ta Windows, wadda ke ƙasan allo, a wuri ɗaya awanni da yawa kullum na iya barin tabo a allon.

Tashoshi, faifai da fim na intanet

A nan ne na'urori masu aiki ɗaya suka yi wa kwamfuta nisa. Talabijin yana zuwa da abin kama tashoshi a cikinsa, ka jona eriya kawai. Kwamfuta ba ta da shi, sai ka sayi na USB, ka tabbata ya dace da tsarin watsa shirye-shiryen ƙasarka, DVB-T2 ne ko ATSC ko wani, sannan ka nemo manhajar da za ta tafiyar da shi. Dikodar tauraron ɗan'adam kuwa HDMI take fitarwa, mun kuma faɗi matsalar kafar shiga. Wasu kan sayi 'yar na'urar ɗaukar hoto ta USB don su zagaye matsalar, sai su ci karo da HDCP, kariyar hana kwafi da ke tafiya cikin wayar HDMI. In na'urar ba ta da izini, baƙin allo kawai za a gani.

Faifan DVD ya fi sauƙi. Sabbin kwamfutoci sun daina zuwa da ma'ajin faifai, iMac ta cire nata tun 2012, amma na waje mai USB da manhajar VLC sun wadatar. A kula da abu ɗaya: lambar yankin faifai, wato ta yankin duniyar da aka yi faifan dominsa, sau biyar kawai ake iya canja ta a na'urar, daga nan ta kulle a kan ta ƙarshe. Blu-ray mai 4K kuma a manta da shi a sabuwar kwamfuta, domin kunna shi ya dogara da wata fasahar tsaro ta Intel mai suna SGX, wadda aka cire daga furosesoshin gida na baya-bayan nan.

Hatta fim na intanet, wanda ake zaton nan ne gidan kwamfuta, ba haka abin yake ba. Kamfanoni irin su Netflix sun fi amincewa da rufaffiyar na'ura, saboda kwafi ya fi wuya a kanta. 'Yar na'urar kallo da ake soka wa a bayan talabijin, irin Fire TV Stick ko Chromecast, takan ba da 4K kai tsaye in samfurin 4K ce kuma intanet ya kai megabit 15 a daƙiƙa. A kwamfuta kuwa sai an cika sharuɗɗa: burauzar da aka amince da ita, HDCP 2.2, da manhajar warware bidiyon HEVC. In ɗaya ya ɓace, sai a sauke maka hoton zuwa 1080 ko 720 ba tare da an gaya maka ba.

Sai kuma abin da takardar bayanin kaya ba ta nunawa. Talabijin da dikoda da lasifika suna magana da juna ta hanyar CEC a cikin wayar HDMI, rimot ɗaya ya kunna su duka. Tsoho ko yaro ɗan shekara biyar zai iya. Kwamfuta tana neman kalmar sirri, linzami, wani lokacin kuma ta tsaya sabunta kanta daidai lokacin da aka take wasa.

Sauti

Lasifikar da ke jikin siririyar kwamfuta wat 2 zuwa 5 ce kowace, kuma babu sarari a bayanta da ƙaramar murya mai nauyi za ta fito. Ta isa taron bidiyo da karatu, ba ta isa falo ba. Talabijin ma ba gwani ba ne, galibi wat 10 sau biyu, amma yana da kafar ARC (HDMI mai fitar da sauti) ko ta waya mai haske da za ka jona sandar sauti, wato doguwar lasifika ta daban. A kwamfuta, yi amfani da kafar milimita 3.5 ko USB. Bluetooth na gama-gari kan yi jinkirin kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na daƙiƙa, wanda ba ya damun mai sauraren waƙa amma yana damun mai gem, wani lokacin har baki ya riga murya a fim.

Mutum ɗaya a lokaci ɗaya

Wannan ba batun fasaha ba ne, amma shi ne ya fi jawo da-na-sani. Ka ce kana son na'urar don aikinka, karatun yara da kallon iyali. Duk ukun da yamma suke faɗowa. Taura biyu ba ta taunuwa: in yaro yana rubuta aikin makaranta, babu labarai; in ana kallon ƙwallo, aikinka ya tsaya. Ranar da aka kai ta gyara kuma, gida ya rasa komai lokaci guda.

Akwai kuma tsaro. Na'urar da ke ɗauke da takardun aikinka da shigarka ta banki ita ce yara za su riƙa sauke gem a kai daga ko'ina. In dole ne a yi tarayya, buɗe wa kowa asusunsa, ka bar ikon shugaba a naka kaɗai, nasu ya zama na gama-gari wanda ba ya iya girka manhaja sai da kalmar sirrinka.

Cin wuta

Nan kwamfuta mai jiki ɗaya tana da abin faɗa. Mai inci 24 da furosesa irin ta laftof takan ci wat 30 zuwa 60 a aiki na yau da kullum. Kada lambar da ke jikin adafta, 65 ko 90 ko sama, ta ruɗe ka. Iyakar abin da adaftar za ta iya bayarwa ce. Talabijin LED mai inci 43 kan ci wat 50 zuwa 80, 'yar na'urar kallo wat 3 zuwa 5. A lissafa awa biyar kullum na wata guda: kwamfuta mai wat 50 ta ci kilowat-awa 7.5, talabijin mai wat 70 da 'yar na'urarsa sun ci kusan 11. Kwamfuta ta yi nasara, sai dai da ƙaramin allo ta yi ta.

Inda lissafin ke juyewa shi ne ƙananan ayyuka. Sauraren labarai ko karatu a kwamfuta na nufin kunna na'ura mai wat 30 don aikin da rediyo ke yi da wat ɗaya ko biyu, har ma da batir. Na'urar karanta littafi mai tawadar lantarki takan yi makonni da caji ɗaya. Ta ɓangaren na'urori daban-daban kuma, asarar tana ɓoye ne a zaman jira: sabbin talabijin ba sa kai wat ɗaya in an kashe da rimot, amma wasu dikodoji na ci gaba da cin wat goma ko fiye dare da rana. Kallon fim ta na'urar gem ma ɓarna ce, takan ci ninki goma na abin da 'yar na'urar kallo ke ci. Soket mai makunni ɗaya yana magance yawancin wannan.

Ɗaukewar wuta ba ta yi wa su biyun illa iri ɗaya. Talabijin ya mutu ya dawo, shi ke nan. Kwamfuta mai jiki ɗaya galibi ba ta da batir duk da cewa kayan laftof ne a cikinta, kuma in wuta ta yanke tana tsakiyar rubuta fayil ko sabunta Windows, tana iya ƙin tashi. UPS, akwatin batir da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, mai ƙarfin VA 650, wanda batirinsa yawanci bolt 12 ne amfiya-awa 7, zai riƙe na'ura mai wat 50 kusan rabin awa in batirin sabo ne. Batirin kuma yana son canji bayan shekara biyu zuwa huɗu.

Abin da ke lalacewa da yadda gyaransa yake

Abokin gabar mai jiki ɗaya na farko zafi ne. Furosesa da fitilun allo suna cikin siririn akwati ɗaya, fanka ɗaya ƙarama ke hura su. Ƙura takan taru a haƙoran ƙarfen sanyaya ta zama kamar auduga, iska ta daina wucewa, zafi ya doshi digiri 95 zuwa 100, furosesa ta rage gudunta don kare kanta. Alamarsa fanka na ihu, na'ura kuma na jan ƙafa. A bar mata sarari kamar santimita goma daga bango, kada a cusa ta cikin rufaffiyar kanta. Sau ɗaya ko biyu a shekara a kashe, a zare waya, a hura ramukan iska da gwangwanin iska, a riƙe fankar da ɗan tsinke kada ta yi juyin da ya wuce ƙima. Bayan shekara huɗu ko biyar, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya yakan bushe, sai mai gyara ya goge ya sa sabo.

Buɗewar ita ce wahalar. Wasu samfuran ofis suna da murfin baya da ke zamewa bayan kwance noti biyu, ka ga RAM irin ta laftof da ma'ajin bayanai na SSD mai siffar M.2 a fili, canjinsu minti goma ne. Wasu kuma sai ta gaba ake shiga: iMac tun daga 2012 da gam aka manne allonta, sai an yanka gam ɗin da wani siririn faifai, a ɗaga gilashin a hankali, a sa sabon gam wajen rufewa. Kuskure kaɗan ya fasa abu mafi tsada a jikinta. A iMac mai furosesar M1 ta 2021 da waɗanda suka biyo ta, RAM da ma'ajin bayanai a liƙe suke da bod, abin da ka saya da shi za ka zauna har ƙarshe. Katin hoto kuwa kusan babu mai jiki ɗaya da ake iya ƙara mata, don haka mai son manyan gem ya nemi na'urar gem, wadda zubinta kan daɗe: PlayStation 4 ta fito a 2013, ta 5 sai 2020.

Talabijin ya fi sauƙin ganewa. In akwai murya babu hoto, haska tocila a jikin allon. In ka hango hoton a dushe, layin fitilun baya ne ya mutu, ana canja shi. In ba ya tashi sam, a fara duba bod ɗin wuta da kafasitocinsa da suka kumbura. Kowanne daban ake cire shi.

Kada a ɗauka na'urori masu aiki ɗaya ba sa tsufa. Talabijin mai intanet shi ma kwamfuta ce aka manne da allo, kuma mai rauni ce. Bayan 'yan shekaru manhajojinsa kan yi nauyi, wasu a daina tallafa musu. Bambancin shi ne yana da kafofin shiga biyu zuwa huɗu. Ka soka sabuwar 'yar na'urar kallo, allon ya ci gaba da rayuwa. Haɗa na'urori a jiki ɗaya ne ma ke cizon masu firinta mai haɗe da sikana, inda wasu samfuran kan ƙi ɗaukar hoton takarda don kawai tawada ta ƙare.

Inda mai jiki ɗaya ta fi

A tebur ba ta da abokin gasa cikin kayan falo. Rubutu, lissafin kasuwanci, cike fom, buga takarda, taron bidiyo, koyon shirya manhaja, babu talabijin ko na'urar gem da za su yi maka. Waya ɗaya ce zuwa soket, kyamara da makirufo suna jiki, allon ya fi na laftof girma kuma yana daidai ido, wuya ba ya ciwo. Ga gidan da yara ke karatu, zamanta a wuri ɗaya da kowa ke gani alheri ne.

Akwai hanya ta uku da muke ganin ta fi dacewa da bukatarka: ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu biyu, a ɗaure ta a bayan allo na daban ta ramukan noti da ake kira VESA, masu tazarar milimita 75 ko 100. A ido kamar mai jiki ɗaya ce, amma kowane ɓangare ana canja shi shi kaɗai, allon kuma yana karɓar dikoda ko na'urar gem. Abin da za ka ƙara shi ne waya biyu da kyamarar USB. Falo kuma ya samu talabijin daidai nisan kujera, da 'yar na'urar kallo, da ƙaramin rediyo mai batir. In kuɗin bai isa duka lokaci ɗaya ba, wannan tsarin yana ba ka damar saye ɗaya bayan ɗaya.

In duk da haka mai jiki ɗaya ce ta kwanta maka, kada RAM ta gaza gigabait 8, 16 ta fi, ma'aji kuma ya zama SSD mai gigabait 256 ko 512. Guji mai tsohon faifai mai juyi shi kaɗai, da mai ƙaramin ma'aji na eMMC gigabait 64, domin sabuntawar Windows kaɗai za ta cike shi. Allon ya zama nau'in IPS, don na gefe ma ya ga launi daidai. Kafin ka biya, danna Ctrl da Shift da Esc tare, a tagar da za ta buɗe ka shiga Performance: a CPU ka karanta lambar furosesa ka tabbatar Windows 11 ta karɓe ta, a Memory ka duba ko akwai gurbin RAM da ya rage. Buɗe farin shafi da baƙin shafi su cika allo don ganin matattun ɗigo ko hasken da ke tsiyaya ta gefe. Kunna bidiyo minti goma sha biyar ka saurari fanka. Sannan ka sa a jona dikoda a kafar HDMI a gabanka, a gwada kwamfutar tana kunne, a sake gwadawa tana kashe.